Kwamfuta tana sandarewa sai an kashe an kunna: ina matsalar take?

Tambaya: Ina da laftof ta hannu da na saya shekara 3 da suka wuce, Windows 10 ce a kanta, RAM ɗinta gigabait 4. Kwanan nan ta tsiro da wani hali: ina cikin aiki sai ta tsaya cak, linzami ba ya motsi, ba abin da ke amsawa, sai na danne maɓallin wuta na kashe ta. A yini ɗaya takan yi haka sau da yawa. Na kai wa mai gyara ya yi mata fomatin, ta yi mako biyu lafiya lau, sai aka koma 'yar gidan jiya. Me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, kafin mu taɓa maganar gyara, ka kwashe takardunka da hotunanka daga cikin kwamfutar nan yau, kada ka bari sai gobe. Ka zuba su a filashi ko faifan ajiya na waje, ko ka ɗora masu muhimmancin a Google Drive ko OneDrive. Cikin abubuwan da ke kawo irin wannan sandarewa akwai guda ɗaya da ba ya ba mutum wa'adi, wato faifan ajiya na ciki, wanda masu gyara ke kira had disk, idan ya kama hanyar mutuwa. Sauran matsalolin kuɗi da lokaci kawai za su ci maka. Wannan kuwa da aikin shekaru yake tafiya. Kuma yadda ka ba da labarin, shi na fara zargi.

Abin da ya ja hankalina shi ne makon nan biyu na lafiya bayan fomatin. Hanya biyu ce ke bayyana shi. Ta farko, faifan yana da wuraren da suka lalace; da aka goge komai aka zuba Windows sabuwa, bayanan sun sauka a wurare masu lafiya, sai da ka ci gaba da ajiye abubuwa aka sake isa inda ɓarnar take. Ta biyu, akwai wata manhaja ko wani direba, wato ƙaramar manhajar da Windows ke sarrafa wani kayan cikin kwamfuta da ita, da ya dawo cikin makon biyun nan, ko dai kai ka sake saka shi, ko mai gyaran ya zuba maka cikin tarkacen da suke zuba wa kowa, ko kuma Windows Update ta sauko da shi da kanta. Ko wacce ce daga ciki, sake yin fomatin ba zai raba ka da matsalar ba. Ni ba na son yadda fomatin ya zama maganin farko a shagunan gyara da yawa, domin yana goge shaidar da za a bi a gano ciwon, mutum ya biya kuɗi ya tafi, bayan kwana kaɗan ya dawo.

Saboda haka aikinka na farko shi ne lura. Duk lokacin da ta sake tsayawa, kada hannunka ya yi saurin zuwa maɓallin wuta. Ka danna Caps Lock ka ga ko ɗan fitilarsa yana kunnuwa yana mutuwa. Idan yana amsawa, Windows ba ta mutu ba, wani abu ne ya riƙe ta. Sai ka gwada Ctrl da Shift da Esc tare domin buɗe Task Manager, mai nuna abubuwan da ke aiki a kwamfutar, ka ba ta minti biyu ko uku. Idan hoton ne kawai ya daskare amma kana jin sauti yana ci gaba, ka haɗa maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B. Wannan yana sake tayar da direban hoto. Za ka ji ɗan ƙara, fuskar kwamfutar ta yi ƙiftawa, wani lokaci ta dawo ba tare da ka rasa aikinka ba. Idan kuwa fitilar Caps Lock ba ta motsi ko kaɗan, ko sautin ya maƙale yana maimaita kansa, to sandarewar ta yi zurfi, kuma hankali ya fi karkata ga kayan ciki ko direba. Ka kuma kalli fitilar faifan ajiya idan kwamfutarka tana da ita. Fitilar da ta tsaya a kunne ba ƙiftawa alama ce ta cewa injin yana jiran faifan ya ba shi wani abu, faifan kuma ya kasa.

Ka samu takarda ka riƙa rubuta lokacin da abin ya faru, da abin da kake yi, da ko tana kan caja ko kan batir, da ko wutar NEPA ce ko ta janareto, da tsawon lokacin da ta ɗauka a kunne. Mutane suna raina wannan, amma rubutun kwana uku yakan rage rabin aikin. Wadda ke tsayawa bayan minti 30 ko 40 na kallon bidiyo, zafi take nunawa. Wadda ke tsayawa idan an buɗe shafuka da yawa a burauza, RAM ne ya cika, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke ɗora aikin da take kai. Wadda ke tsayawa duk sanda aka buɗe wani fayil ko wata jaka ta musamman, faifai ne. Wadda kuwa ba ta da lokaci, tana iya yi ko ba a taɓa ta ba, a nan ake duba lafiyar RAM ɗin kansa da kuma wuta.

Bari mu tsaya a kan faifan, tunda shi ne babban abin tsoro. Laftof ta hannu mai RAM gigabait 4 galibi da tsohon faifai mai juyawa take zuwa, irin mai zagaye 5400 a minti ɗaya, da wata siririyar allura da ke shawagi a samansa tana karatu. Faɗuwa ɗaya, ko ɗaukar kwamfutar da ƙarfi tana cikin aiki, ko kuma tsufa kawai, yana iya lalata wani sashe. Idan Windows ta nemi abu daga wannan sashe, faifan zai yi ta gwadawa yana maimaitawa, ita kuma ta tsaya tana jira. Jiran nan ne kake gani a matsayin sandarewa. Duk faifai yana ajiye rahoton lafiyarsa ta wani tsari da ake kira SMART, kuma akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke karanta shi. Idan ka buɗe ta za ta nuna maka Good da shuɗi, ko Caution da ruwan ɗorawa, ko Bad da ja. Ka duba layuka uku: 05, wato sassan da suka lalace aka maye gurbinsu, C5, waɗanda ake shakkar su ana jiran hukunci, da C6, waɗanda aka kasa gyarawa. Idan C5 ko C6 ya wuce sifili, ko lambar 05 tana ƙaruwa daga yau zuwa jibi, faifan nan ba na gyara ba ne, na canji ne. Haka idan ka kara kunne ka ji yana ƙas-ƙas a kai a kai.

Wasu za su ce maka ka yi chkdsk /r. Umarni ne na binciken faifai mai amfani, amma kada ka yi shi kafin ka kwashe kayanka, domin yana tilasta wa faifan karanta kowane lungu na tsawon sa'o'i, kuma faifan da ke bakin mutuwa yana iya ƙarasawa a wannan wahalar. Ka kuma sani cewa Good ba takardar shaidar lafiya ba ce ɗari bisa ɗari. Akwai faifan da ke nuna Good alhali igiyar da ta haɗa shi da babban allon cikin kwamfutar, wato motherboard, ce ta saki ko ta tsage. A nan Event Viewer yake taimakawa. Ka rubuta sunansa a wurin bincike na Windows, ka shiga Windows Logs, sannan System, ka nemo lokacin da kwamfutar ta tsaya. Za ka ga wani jan saƙo mai suna Kernel-Power da lamba 41. Kada ya tsorata ka, kuma kada wani ya sayar maka da kaya a kansa. Abin da yake faɗa kawai shi ne an kashe kwamfutar ba ta hanyar da ta dace ba, kai ma ka san haka tunda kai ka danne maɓallin. Abin dubawa shi ne saƙonnin da suka zo mintuna kaɗan kafin shi. Idan ka ga disk da lamba 7 ko 51 ko 153, ko storahci da lamba 129, maganar faifai ce ko igiyarsa. Display da lamba 4101 direban hoto ne ya daina amsawa. WHEA-Logger kuma kuka ne daga kayan ciki, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ko RAM ko babban allo. Idan wannan ya yi maka yawa, ka rubuta perfmon /rel, zai buɗe Reliability Monitor, wanda ke jera abubuwan kwana-kwana, har da ranar da aka saka wata manhaja ko aka sabunta wani direba. Sau da yawa mutum yakan ga da idonsa cewa ranar da matsalar ta fara ita ce ranar da wani abu ya shigo.

Sai maganar RAM, wadda ta kasu biyu, mutane kuma suna haɗa su. Akwai ƙarancinsa, akwai lalacewarsa. Gigabait 4 ya yi wa Windows 10 kaɗan a yau. Ita kanta Windows da abubuwan da ke tashi tare da ita sukan cinye kusan rabi, Chrome da shafuka goma su cinye sauran. RAM kamar teburin tela ne: idan ya cika, dole a riƙa kai yadi ɗaki ana ɗaukowa, aiki ya tsaya. Ɗakin a nan shi ne wancan faifan mai jinkiri. Ka buɗe Task Manager, ka shiga Performance, ka bar shi a gefe kana aikinka. Idan Memory yana zaune sama da kashi 90 cikin ɗari, Disk kuma ya maƙale a 100, ka ga amsarka. Irin wannan sandarewar takan saki da kanta idan aka yi haƙuri, linzami yana ɗan motsi yana tsayawa. Maganinta ƙara RAM zuwa gigabait 8, da rage abubuwan da ke tashi da kwamfutar a sashen Startup, da kuma barin fili a faifan C. Shawarata kada ya gaza gigabait 20.

Lalacewar RAM ita ce mai sandarewar da ba ta da lokaci, wani sa'in har da shuɗin allo. Ka rubuta mdsched ka bar Windows ta sake tashi ta gwada shi. Wanda ya fi shi tsanani shi ne MemTest86, ana ɗora shi a filashi a tayar da kwamfutar da shi, a bar shi ya kwana yana zagaye huɗu. Kuskure ko guda ɗaya ne ya isa hujja. Amma kafin ka sayi sabo, a cire shi, a goge haƙoransa masu ruwan zinariya da abin goge fensir a hankali, a hure ramin, a mayar da shi har ya yi ƙas. Ƙura da tsatsa a wannan wuri suna kwaikwayon lalacewa. Idan sanda biyu ce a ciki, a gwada kowace ita kaɗai.

Zafi kuwa, duk wanda ke zaune inda hunturu ke zuwa da ƙura, bazara ta biyo da zafin da ke haura digiri 40, bai kamata ya ɗauke shi da wasa ba. Iskar da fanka ke ja tana shigowa da ƙura, ƙurar ta taru a bakin siraran ƙarafan da ke fitar da zafi har ta zama kamar auduga ta toshe hanya. Fankar tana ta ihu, iska ba ta fita. Ka sa hannu a mafitar iskar: idan ƙarar tana da yawa amma iskar ba ta da ƙarfi, a toshe take. Manhajojin HWMonitor ko HWiNFO za su nuna maka zafin furosesa. In ba a aikin komai, tsakanin digiri 40 da 55 ba laifi. Ana aiki mai nauyi, 70 zuwa 85 abu ne da aka saba gani a laftof. Yawancin furosesoshin Intel iyakarsu wajen digiri 100 ce, kuma idan suka kusanci nan sukan rage gudu da kansu, in abin ya ƙi su kashe kwamfutar gaba ɗaya. Shi ya sa zafi ya fi zuwa da nauyin aiki da mutuwa farat ɗaya, amma yana kawo sandarewa ma, musamman a tsofaffin injuna masu guntun hoto na daban. Gyaransa ba shi da tsada: a buɗe, a share ƙurar, a goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi wanda ya bushe, a sa sabo ɗan kaɗan. Idan za a hura iska da bulowa, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima. Kuma a daina ɗora laftof a kan katifa ko filo ko darduma mai gashi, domin ta ƙasa take shaƙar iska.

Wuta ma tana da nata. Laftof mai batir mai lafiya ba ta cika damuwa da rawar wuta ba, saboda batirin yana tare mata. Amma laftof ta hannu da batirinta ya mutu, tana rayuwa a kan caja kai tsaye, duk wani hawa da saukar janareto yana isa gare ta. Ka duba abin da aka rubuta a ƙasan kwamfutar da wanda ke jikin cajar: idan tana neman wat 65 aka ba ta ta 45, ko cajar jabu ce, za ta iya aiki lafiya sai an matsa mata sannan ta tsaya. Gwajin mai sauƙi ne, ka ari caja ta asali irin tata ka yi yini biyu da ita. Idan ka ga wurin linzamin ya kumburo ko murfin ƙasa ya ɗaga, batirin ne ya kumbura, a cire shi nan take, wannan maganar gobara ce. Ga masu kwamfutar tebur, akwatin wutar da ke cikinta yana cikin manyan waɗanda ake zargi, tare da ƙananan gwangwanayen da ke kan babban allo idan kawunansu suka kumbura; su kam UPS ba ado ba ne a wurinmu. Shi akwatin wutar ba a buɗe shi a gida, yana riƙe wuta ko bayan an zare soket.

Ɓangaren manhaja ba zan daɗe a kai ba, domin hanyar gane shi a miƙe take. Ka riƙe Shift ka danna Restart, ka bi ta Troubleshoot har ka kai Safe Mode, inda Windows ke tashi da mafi ƙarancin direbobi. Idan ta yi yini a nan ba ta tsaya ba, sai ka buɗe msconfig, a sashen Services ka zaɓi ɓoye na Microsoft, ka kashe sauran, ka riƙa dawo da su rabi-rabi har mai laifin ya fito. Waɗanda aka fi kamawa su ne manhajar kariya guda biyu a kwamfuta ɗaya suna kokawa, da manhajojin da ke cewa suna sabunta direbobi ko ƙara gudu, da kuma manhajojin sata da aka fasa, waɗanda wasunsu ke zuwa da ɓoyayyen abu mai haƙar kuɗin intanet da furosesarka. Microsoft Defender da ke cikin Windows ya wadatar da mai amfanin gida. Direbobi kuma a ɗauko su daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Umarnin sfc /scannow yana gyara fayilolin Windows da suka lalace, kuma ya dace ka yi shi, domin kashewar dole da kake yi kullum tana iya yanke rubutu a tsakiya ta bar fayil a gurgunce.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Tun daga Windows 8 a 2012, danna Shut down ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya. Wani tsari mai suna Fast Startup yana adana zuciyar Windows da direbobinta a faifai domin ta tashi da sauri, sai direban da ya rikice jiya ya tashi a rikice yau. Restart ne ke wanke komai. Ka duba Up time a ƙarƙashin CPU cikin Task Manager, kana iya ganin kwanaki da yawa alhali kullum kana kashewa. Ana cire shi a Control Panel, cikin Power Options, wurin zaɓen aikin maɓallin wuta. A kwamfutar da ke da irin matsalarka, ni cire shi nake yi.

Idan duk ka bi waɗannan abin bai fito fili ba, akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama. Ka sauko da Linux Mint, wata babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, nauyinta kusan gigabait 3, ka ɗora ta a filashi da manhajar Rufus, ka tayar da kwamfutar daga filashin ba tare da ka girka ta ba. A wannan yanayi ba a amfani da Windows ɗinka, ba a kuma dogara da faifanka. Ka yi aiki da ita sosai, ka kalli bidiyo, ka buɗe shafuka, na tsawon lokacin da ya wuce wanda takan ɗauka kafin ta tsaya. Idan ta sandare a nan ma, to ba laifin Windows da faifai ba ne, saura RAM da zafi da wuta da babban allo. Idan ta yi lafiya, matsalar tana tsakanin faifan da abin da ke kansa. Ta wannan hanya kuma za ka iya kwashe fayilolinka ko da Windows ta ƙi tashi. Sharaɗi ɗaya ne a duk gwaje-gwajen nan: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya canza RAM da faifai da caja a rana ɗaya, ko ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba, kuma wataƙila ya sayi biyu a banza.

Da ni ne da wannan kwamfuta, bayan kwashe kaya da duba CrystalDiskInfo, zan sa a buɗe ta a share a canza man furosesa, a cire tsohon faifan a sa SSD mai gigabait 256, a kai RAM 8 idan tana da gurbi. SSD ba shi da abin da ke juyawa a ciki, ba ya tsoron girgiza, kuma irin mai haɗin SATA yana karanta wajen megabait 500 a daƙiƙa, inda tsohon ke fama da 100 ko ƙasa da haka. Idan faifan ya nuna Caution, kada ka yarda a kwafe shi dungurungum zuwa sabon, a zuba Windows sabuwa daga shafin Microsoft, kai kuma ka mayar da fayilolinka da hannu. Ka tsaya a wurin ka ce kada a saka maka kowace manhaja sai wadda ka nema. Tsohon faifan kuma ka karɓi abinka, bayananka suna ciki.

Wurin da zan ce ka dakata da kashe kuɗi shi ne idan ta sandare a Linux, RAM ya ci jarrabawa, zafi daidai, caja ta asali ce. Wannan babban allo ne, kuma a laftof ta hannu gyaransa yakan kusanci kuɗin wata. Ka haɗa wannan da cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 tana neman guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama ko makamanciyarta ta AMD. Ka duba lambar furosesarka a Task Manager: idan ka ga irin i5-8250U, ƙarni na 8 ce, ta cancanci a kashe mata kuɗi. Idan i5-4200U ce ko i3-3110M, SSD da RAM za su sa ta yi maka aikin rubutu da intanet, kuma su biyun ba asara ba ne, domin SSD ɗin kana iya cire shi ka mayar a wata kwamfutar ko ka sa shi a ɗan akwatinsa ya zama faifan waje, amma kada ka biya kuɗin canza mata babban allo.